Gida ya rushe, rijiya tana nan: mu rubuta kufan Keffi tun masu tunawa suna da rai



Gidan ƙasa ba ya jure maraici. In aka daina yi masa yaɓe, aka bar indararo ya toshe, damina kaɗan ta isa ta kwantar da katanga, gara ta cinye azara, soro ya rufta. Bayan shekaru sai wurin ya koma tudu, a nome shi, a shuka dawa ko rogo. Amma akwai abu guda da yake daɗewa bayan gida ya tafi, wato ramin da aka haƙa domin ruwa. Rijiya da kududdufi da ramin marina sun fi katanga tsawon rai. Wannan ne ya sa muke ganin duk mai son ya rubuta tarihin tsofaffin gidajen da suka ɓace a kewayen Keffi, da rijiya ya kamata ya fara, kuma ya fara yanzu.

Yadda gidajen gandu suka samu

Keffi ta kafu ne a wajajen 1802, lokacin da Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, ya yi kafi a wannan wuri. Daga kalmar kafi sunan garin ya fito. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo garin ya shiga ƙarƙashin Zazzau, yana kai gaisuwa Zariya duk shekara. Daga nan Keffi ne Umaru Makama Dogo ya tashi a cikin shekarun 1830 ya je ya kafa Nasarawa. Garin yana kan hanyar fatake da ta taso daga Kano da Zariya ta gangara Loko a bakin Binuwai, shi ya sa baƙi suka yi ta ratsa shi. Bajamushe Gerhard Rohlfs ya sauka a nan a 1867, ya rubuta sunan garin haɗe da sunan Abdu Zanga. Wani Bajamushen, Paul Staudinger, ya bi ta nan a tafiyarsa ta 1885 zuwa 1886.

Gari irin wannan, mai fada da mayaƙa da dawaki da ayarin fatake, ba ya ciyar da kansa daga cikin ganuwa. Abincinsa daga gandaye yake zuwa. A duk faɗin daular Sakkwato, sarakuna da masu sarauta da attajirai suna da manyan gonaki a bayan gari, kuma a tsakiyar gonar akwai gida, da zaure, da rumbuna, da ɗakunan masu aiki, da turken dabbobi. A ƙasar Kano an fi cewa gandu, a ƙasar Zazzau kuwa ana kiran ƙauyen bayin da ke noma gonar rinji, jam'insa rumada. Mai gona yakan zauna a birni, ya bar sarkin gandu yana lura, ya riƙa fitowa lokacin shuka da kaka, ko in yana son hutawa daga hayaniyar gari.

A Kano an fi samun labarin irin waɗannan gidaje a rubuce. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya mayar da Fanisau ribaɗi saboda yaƙinsa da Ɗantunku, kuma a can Baturen nan Clapperton ya same shi a 1824. Gidan sarki na Nassarawa da na Ɗorayi duk gidajen gona ne a bayan ganuwa, yau ga su a tsakiyar gari. Gandun Albasa sunan unguwa ne yanzu, amma sunan da kansa yana faɗin abin da wurin yake a da. Wani masanin tarihi, Mohammed Bashir Salau, ya fitar da littafi guda a 2011 a kan gandayen Fanisau kaɗai, kuma ya dogara ƙwarai da hirarrakin da aka naɗa da tsofaffin wurin tun suna raye. A ɓangaren Zazzau kuma akwai Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta zauna da ita a Giwa a 1949 da 1950 ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Daga bakinta duniya ta ji yadda zaman rinji yake. Baba ta rasu a 1951. Da an yi jinkirin shekara biyu, da labarin ya bi ta kabari.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawancin hannayen da suka noma waɗannan gandaye, suka dafa tubali, suka haƙa rijiyoyi, hannayen bayi ne. A yankinmu an kamo da yawansu daga cikin ƙabilun da ke kewaye, waɗanda jikokinsu yau maƙwabtanmu ne, surukanmu ne, abokan karatunmu da kasuwancinmu ne. Tarihin da ya ambaci mai gida ya manta da wanda ya shiga rami ya fito da ƙasa a kwando, rabin tarihi ne.

Yadda suka zama kufai

Sau uku aka yi wa waɗannan gidaje bugun da ya kai su ƙasa.

Na farko zuwan Turawa. Dokar da Gwamna Lugga ya kafa a 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗanyamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Razdan Kyaftin Maloni, wanda dutsen da muke kira da sunansa yake tuna mana da shi har gobe. Magaji ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Turawa suka riƙe wannan a matsayin hujjar kai wa Kano yaƙi, suka ci ta a Fabrairu 1903. A Yuli na wannan shekara Magaji ya faɗi a Burmi tare da Sarkin Musulmi Attahiru. A cikin wannan hargitsi bayi da dama a faɗin Arewa suka ajiye fartanya suka koma garuruwansu, wasu suka fanshi kansu ta hanyar murgu, har aka soke bautar gaba ɗaya a 1936. Gidan gandu kuwa da yawan hannu yake tsayuwa. Da hannaye suka ragu, yaɓe ya tsaya, abin da ya biyo baya sananne ne.

Na biyu kwano da siminti. Gidan ƙasa yana son magini mai sanin haɗin makuba, yana son azara, yana son gyara duk shekara, musamman a nan inda ruwan sama ya fi na Kano da Katsina yawa. Da bulo da kwano suka yi araha, magada suka ga rushewa da sake gini ya fi musu sauƙi. Ba mu ga laifinsu ba. Wanda soro ya taɓa yi wa yoyo a tsakiyar watan Agusta ya san dalili.

Na uku Abuja. Tun da aka dawo da babban birnin tarayya a Disamba 1991, aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa a 1 ga Oktoba 1996, sannan jami'ar jiha ta buɗe a Keffi a farkon shekarun 2000, fili ya zama zinariya. Tsakaninmu da Abuja bai wuce tafiyar kilomita 50 da 'yan kai ba. Wanda ya ga yadda Mararraba da Masaka suka cika ya san abin da ke tafe. Gonar da kakanni suka noma ana yanka ta fuloti fuloti, katafila ta bi ta kan tudun tsohon gida cikin awa guda, a cike rijiya da ɓaraguzai, a ɗora harsashi a kai. Bugun farko da na biyu sun bar alama a ƙasa. Na ukun shi ne mai share alamar.

Abin da rami yake faɗa

Ba a kafa gida inda babu ruwa. Saboda haka duk inda ka ga tsohuwar rijiya a tsakiyar gona, babu gida kusa, to ka tsaya a kan kufai. Duba da kyau za ka ga sauran shaidu: fasassun tukwane a kunya, dutsen niƙa da ya lotsa, duwatsun da aka ɗora rumbu a kansu, tsamiya ko kuka ko rimi da suka girmi duk itatuwan wurin.

Keffi tana zaune a kan tsohon dutse mai tauri. Ruwan da rijiyar hannu take kamawa yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da kuma cikin tsagogi, shi ya sa za ka ga rijiya a wannan gida tana da ruwa har bazara, ta maƙwabci kuwa ta ƙafe tun Fabrairu. Mutanen da ba su da na'urar auna ƙasa. Suna duban kwanciyar wuri, da irin itatuwan da suka fito, da inda ciyawa take jimawa ba ta bushe ba. Rijiyar da ta shekara ɗari ba ta ƙafe ba, sakamakon gwaji ne da aka riga aka yi mana kyauta. Mai shirin kashe kuɗi a kan burtsatse zai so ya san inda irinta take.

Kududdufi shi ma shaida ne. Daga cikinsa aka ɗebi ƙasar da aka gina gidan, don haka girman ramin yana nuna girman ginin da ya ɓace. Bayan gini kuma ya zama matattarar ruwan sama: ya tare ambaliya, ya shayar da dabbobi, ya riƙa tsatsafa ruwa ƙarƙashin ƙasa yana ciyar da rijiyoyin da ke kusa. Mutanen birnin Kano sun ga abin da cike kududdufai ya jawo musu, domin ruwan da aka hana wurin kwana cikin ɗakunan mutane yake kwana.

Sai ramin marina. A garuruwan Hausa ana shafe cikinsa da laso, wani irin siminti na gargajiya da ake haɗawa da katsi, da gashin da ake samu a majema, da ruwan dafara. Laso ba ya barin ruwa ya ratsa, kuma yana daɗewa. Inda duk aka tono jerin ramuka masu santsin ciki da shuɗin baba, an san marina ta taɓa zama a wurin, an kuma san akwai masaƙa da fataken tufafi kusa.

Rijiya tana da matsayi har a shari'a. A fiƙihun Malikiyya, fito da ruwa yana cikin hanyoyin da mutum yake raya mataccen fili ya zama nasa, kuma kowace rijiya tana da harimi, wato kewayen da ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ruwanta ko masu ɗiba ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen mallakar fili, ya taɓo wannan batu. Ke nan a wurin magabata, haƙa rijiya kamar sa hannu ne a takarda.

Ko sunaye kaɗai sun ishe mu darasi. Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki a Kano manyan unguwanni ne, dubban mazaunansu suna ambaton rijiya kullum ba tare da sun taɓa tambayar inda bakinta yake ba. A nan gida, sunan Unguwar Lambu yana gaya mana cewa an yi noman rani a wurin, lambu kuwa ba ya yiwuwa sai da ruwa kusa. Rijiyar Kusugu ta Daura ta tsira ne saboda an riƙe labarinta, an kewaye ta, an gina mata rumfa, ga shi har yau baƙi suna zuwa gani.

Yadda wasu suka yi da nasu

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A Ingila masu sarauta suna da manyan gidaje a karkara, kewaye da gonaki. Faɗuwar kuɗin amfanin gona, da harajin gado, da yaƙin duniya guda biyu, da tafiyar barori zuwa aikin masana'antu suka sa aka yi ta rushe su. A 1974 gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya shirya baje koli a kan wannan asara, aka jera hotuna da sunayen gidaje fiye da 1,000 da suka ɓace cikin shekara ɗari. Abin ya girgiza jama'a, har a 1975 aka kafa ƙungiyar SAVE domin kare waɗanda suka rage. Abin lura shi ne, aikin ya yiwu saboda wasu mutane sun ɗauki shekaru suna yawo da kyamara da littafin rubutu. A wurare da yawa a can, abin da ya rage na gidan shi ne rijiya, da tafkin da aka haƙa, da rumbun ajiye ƙanƙara na ƙarƙashin ƙasa.

A Istanbul akwai wani katafaren ma'ajin ruwa na ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336, wanda aka gina a shekara ta 532. An manta da shi, har a wajajen 1545 wani masani Bafaranshe, Petrus Gyllius, ya ji labarin mutanen unguwar suna zura guga ta ramukan cikin gidajensu suna jawo ruwa, wani lokaci har da kifi. Mazauna wurin sun san da ruwan, amma sai da wani ya tambaya ya rubuta sannan duniya ta sani. Alhazanmu kuma sun san sunan Ainu Zubaida, hanyar ruwan da Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka gina domin shayar da mahajjata a Makka da Arfa. Fadojin Bagadaza na zamaninta sun zama ƙasa, amma sunanta yana nan manne da ruwa.

Abin da za mu rasa in muka yi shiru

Akwai rai a cikin maganar. Tsohuwar rijiyar da ciyawa ta rufe bakinta tarko ce ga yaro da makiyayi da dabba. Wadda aka cike da shara aka yi gini a kai takan zauna bayan shekaru, daɓe ya tsage, wani lokaci ɗaki ya rufta. Wadda aka mayar shadda tana zuba ƙazanta kai tsaye cikin ruwan da maƙwabta suke sha. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin shadda da rijiya, amma yaya mai sabon fuloti zai kiyaye tazara da ramin da bai san yana ƙarƙashin gidansa ba?

Akwai kuma zumunci. Shari'ar gona takan kai jikoki kotu shekara da shekaru, alhali tsoho guda da ya san wanda ya haƙa rijiyar da wanda ya dasa tsamiyar zai iya kashe wutar da magana biyu. Waɗanda suka yi wayo kafin 1960 yanzu sun haura saba'in. Su ne na ƙarshe da suka ji labari daga bakin mutanen da suka ga zamanin Magaji da idonsu. Duk wanda muka binne a cikinsu ba mu tambaye shi ba, mun binne taswirar unguwa guda.

Yadda muke so a yi aikin

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Waya mai kyamara, da littafi, da biro, da igiya sun isa.

A fara da sallama ga mai unguwa da masu wurin. Kada a shiga gonar kowa ba izini.

A rubuta sunan wurin yadda tsofaffi suke faɗinsa, ko da sabon suna ya danne shi. A rubuta wanda ya kafa gidan, da sana'arsa ko sarautarsa, da lokacin da aka tashi, da dalilin tashin. In ba a riƙe shekara ba, a tambayi zamanin wane sarki ne, ko kafin wane abu ne, domin da haka tsofaffi suke lissafi.

A auna faɗin bakin rijiya, a zura igiya da dutse a san zurfinta gaba nawa ne, sannan a mayar da shi mita. A duba ko an ɗaure cikinta da dutse ko an bar ta haka. A tambaya ko tana ƙafewa da bazara, da ɗanɗanon ruwanta, da shekarar da aka yashe ta na ƙarshe.

Kada kowa ya shiga ciki, ko da ta bushe. Iskar da ke kwance a gindin tsohuwar rijiya tana kashe mutum cikin mintuna, kuma sau da yawa mai shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Mahaƙan da sukan zura fitila tukuna, in ta mutu su fasa shiga. In an ga rijiya a buɗe, a sanar da masu wurin a yi mata murfi mai ƙarfi.

A ɗauki hoto daga kusurwa huɗu, a tsayar da sanda mai tsawon mita guda a gefe don a gane girma, a kuma ɗauki lambar wurin a taswirar waya.

A naɗi muryar tsofaffi da harshen da suka fi sakewa da shi, Hausa ne ko Fulatanci ko Gwandara ko Gade ko Yeskwa ko Gbagyi. Kada a tsaya kan maza. Iyayenmu mata su suka ja guga, su suka san rijiyar da ruwanta yake dafa wake da wadda sabulu ba ya kumfa da ita. 'Yan mata da matan aure na ƙungiya su suka fi dacewa da shiga cikin gida su yi wannan hira.

A tambayi sunan wanda ya haƙa. In an sani a rubuta, da garinsu in an riƙe. Amma asalin wani gida ba abin yaɗawa ba ne a Facebook ko a zauren WhatsApp. Abin da iyali suka ce a sakaya, a sakaya shi. Muna neman a girmama wanda ya yi wahala ne, ba a buɗe ƙofar gori ga jikokinsa ba.

A kuma faɗa wa kowa tun farko cewa littafin nan na tarihi ne. Ƙungiya ba kotu ba ce, ba ta raba gado, ba ta tsayar da iyaka. Inda aka sami ruwaya biyu masu saɓani, a rubuta duka biyun da sunan gidan da kowace ta fito.

Abin da aka tara kada ya kwana a waya guda, domin waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata. Shawararmu a buga shi a takarda, a ajiye kwafi a wurin ƙungiya, a miƙa ɗaya ga fada, ɗaya ga sashen tarihi na jami'a. Ɗalibanmu da ke Kaduna kuma za su iya taimakawa da leƙa Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa, inda ake ajiye rahotannin Turawan mulki. Keffi ta zauna a Lardin Nasarawa, sannan aka mayar da ita Lardin Binuwai a 1926, don haka a ƙarƙashin waɗannan sunaye biyu za a nemi fayilolinta. Akwai kuma ɗan littafin da J. C. Sciortino ya fitar a 1920 a kan Lardin Nasarawa. Turawa sun rubuta abin da ya shafi haraji da mulki. Sunan rijiya da na mai haƙa ta, mu ne za mu rubuta.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kwashe amfanin gona, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ciyawa ta kwanta, ƙasa ta fito fili, tsofaffi kuma suna da sukunin zama. Ba mu ce a hana kowa sayar da filinsa ko gina gidan zamani ba, gari dole ya girma. Roƙonmu shi ne kafin katafila ta shiga, a ba mu yini guda mu auna, mu ɗauki hoto, mu rubuta.

Duk wanda ya san wani kufai, ko tsohuwar rijiya, ko kududdufin da aka cike, ko ramin marina, a cikin gari ko a ƙauyukan kewaye, ya sanar da shugabannin ƙungiya a taro mai zuwa. Wanda yake da kaka ko kakan da ya haura saba'in, kada ya jira mu. Ya je ya gaishe su a wannan makon, ya zauna, ya kunna waya, ya tambaye su inda suke ɗebo ruwa suna yara.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, masu gida da masu haƙa baki ɗaya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.

Sakataren Ƙungiya